Kankiya da Kusada a Ma'aunin Alƙaluma: Ƙasa na Nan Yadda Take, Jama'a na Ninkuwa

Ƙaramar hukumar Kankiya tana da faɗin murabba'in kilomita 824, maƙwabciyarta Kusada kuma 390. In an haɗa su, 1,214 ke nan, wato kashi 5 cikin 100 na ƙasar Jihar Katsina mai murabba'in kilomita 24,192. Adadin jama'ar da aka fi ambata musu daga ƙidayar 2006 shi ne 151,434 a Kankiya da 99,267 a Kusada. Waɗannan na sakamakon farko ne. Da aka fitar da na ƙarshe a 2009 an ɗan taɓa su, jimillar jihar ma ta tashi daga 5,792,578 zuwa 5,801,584, amma sauyin bai kai ya canza hoton ba: mutum dubu 250 ne a ƙananan hukumomin biyu, kashi 4.3 cikin 100 na Katsinawa.

Abin da ya fara fitowa daga lissafin shi ne ƙaramar ta fi babbar cika. A Kankiya mutum 184 ne a kowane murabba'in kilomita, a Kusada kuwa kusan 255. Matsakaicin jihar 240 ne, saboda haka Kankiya tana ƙasa da shi, Kusada tana sama. Wanda ya san hanyar Kano zuwa Katsina ba zai yi mamaki ba. Kusada tana bakin iyakar Kano ta wajen Tsanyawa, kuma yanayin zamanta ya fi kama da na karkarar Kano: ƙauye na hango ƙauye, gona na manne da gona, ba dajin kirki a tsakani. Kankiya ta fi miƙewa yamma da kudu, wajen Dutsin-Ma da Matazu da Musawa, inda fili ya fi sakewa.

Ta fuskar girma, dukkansu ba su kai matsakaiciyar ƙaramar hukuma ba. In an raba jama'ar jihar gida 34, kowace za ta tashi da kimanin 170,600. In an raba na Nijeriya, 140,431,790, gida 774, za a samu 181,400. Kankiya ta kusa, Kusada kuwa da kaɗan ta haura rabin matsakaicin ƙasa.

Watan Maris

An yi ƙidayar daga 21 zuwa 27 ga Maris 2006, kuma ƙa'idarta ita ce a rubuta mutum a inda aka same shi. Duk ɗan karkarar Katsina ya san abin da Maris ke nufi. An daɗe da kai amfanin gona rumbu, damina da saura, majiya ƙarfi sun tafi cin rani Kano, Kaduna, Abuja, Legas, Fatakwal, almajirai suna gabas ko wani gari tare da malamansu, masu shanu sun yi kudu neman ciyawa. Gaskiya ne an yi ta kiran mutane su koma gida a ƙirga su, wasu kuma sun koma. Sai dai ɗan ga-ruwa ko mai yankan farce da ke Legas ba lalle ne ya iya kuɗin motar zuwa da dawowa saboda ƙidaya ba. Garin da aka ƙirga a Maris da garin da za a ƙirga a Agusta, lokacin da kowa ke gona, ba ɗaya ba ne, alhali asibiti da rijiya da makaranta na Agustan suke ɗauka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke tashe.

Wannan ƙidaya ita ce ta ƙarshe. Wadda aka shirya yi daga 3 ga Mayu 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Duk adadin da aka ji wani jami'i ya faɗa game da yawan mutanen Kankiya ko Kusada a yau, ƙiyasi ne da aka ɗora a kan na 2006.

Ga yadda ake yin ƙiyasin. Ƙidayar 1991 ta ba yankin Jihar Katsina mutum 3,753,133. Daga nan zuwa 5,801,584 a 2006, ƙaruwar ta kama kashi 3 cikin 100 a shekara. Jama'ar da ke ƙaruwa haka tana ninkuwa cikin shekara 23 zuwa 24. In aka ɗora wannan a kan ƙananan hukumomin biyu na tsawon shekara 20, Kankiya za ta kai wajen 273,000 a 2026, Kusada wajen 179,000, jimilla 452,000.

Amma a lura da raunin wannan hanya. Ta ɗauka cewa Kusada da birnin Katsina da Funtuwa da Baure duk tafiyarsu ɗaya, alhali birni na janyo mutane, ƙauye na tura su. In ainihin ƙaruwar yankin kashi 2.5 ce, jimillar 410,000 ce. In 3.5 ce, ta ɗan haura 498,000. Tazarar da ke tsakani mutum 88,000 ne, kusan dukkan jama'ar Kusada ta 2006. Ma'ana, a cikin kuskuren ƙiyasi kaɗai ana iya ɓatar da ƙaramar hukuma sukutum ko a ƙirƙiro ta, ba wanda zai iya kamawa. Ga kuma abin da babu ƙiyasin da ya san da shi: hare-haren 'yan bindiga da suka tsallako daga dazuzzukan yammacin jihar a 'yan shekarun nan sun taɓa ƙauyukan wannan yanki, musamman na Kankiya, kuma duk inda aka yi haka mutane na tashi daga ƙananan unguwanni su taru a manyan garuruwa da bakin titi.

Hekta nawa ga mutum ɗaya

Nan ne alƙaluman suka fi magana. Murabba'in kilomita ɗaya hekta 100 ne, don haka Kusada hekta 39,000 ce, Kankiya 82,400. A 2006, in an raba ƙasar daidai wa daida, kowane mutumin Kusada zai samu hekta 0.39, na Kankiya 0.54. A ƙiyasin 2026 sun koma 0.22 da 0.30. A ɗauki gida mai mutum takwas a Kusada: rabonsa ya sauko daga hekta uku da ɗoriya zuwa ƙasa da biyu. Kuma wannan lissafi ne na ƙasa gaba ɗayanta, har da inda aka gina gidaje, da titi, da maƙabarta, da filin makaranta, da fako, da dutse, da kwazazzabo, da burtali da makiyaya. Abin da garma za ta iya shiga bai kai haka ba.

Rabon gado shi ke fassara wannan adadi zuwa rayuwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, 'ya'ya suka raba, yanzu jikoki ne a kanta, kowa da 'yan kunyoyinsa. Hutar da gona ya zama labari. Daga nan ake samun jingina da aro da sayarwa, daga nan burtali ke tsukewa har a wayi gari shanu ba su da hanyar zuwa mashaya sai ta cikin shuka. Rigimar manomi da makiyayi tana da dalilai da yawa, amma wanda ya cire 0.22 daga cikinsu bai fara bayani ba.

Duk da haka, cunkoso ba hukuncin yunwa ba ne. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda manoma suka riƙe jama'a mai yawa a ƙasa kaɗan shekara da shekaru ba tare da ta mutu ba: takin gida da jaki ke kaiwa gona, awaki da tumaki a turke, gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, harawa da karmami a kan rufi, gawo da ɗorawa da kuka a bar su tsaye. Polly Hill kuma, a nazarinta na Batagarawa da ya fito a 1972, ta nuna cewa ƙauyen Hausa ba taron matalauta masu kai ɗaya ba ne, akwai mai gonaki da rumbuna, akwai mai sayar da ƙarfinsa a gonar wani tun damina ba ta yi nisa ba. Darasin biyun ya shafi Kusada kai tsaye. Matsakaicin 0.22 yana ɓoye wanda ke da hekta goma da wanda ba shi da ko taki ɗaya. Kuma dabarar kakanni tana da iyaka, don damina a nan wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, ƙarƙashin ƙasar kuma dutse ne, shi ya sa rijiyar burtsatse a tsakiyar Katsina sai an dace da tsaga kafin ta ba da ruwan kirki. Noman rani ya tsaya ga masu fadama da na kusa da madatsun ruwa. Sauran wata takwas ɗin, titi ne gonar mafi yawan samari.

Titin kuwa shi ne babbar kadarar yankin. Garin Kankiya yana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 60 daga birnin Katsina, da hanyoyin da suka balle zuwa Dutsin-Ma da Ingawa. A ƙasar Kusada, wajen Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, hanyar Malumfashi da Funtuwa ke haɗuwa da ta Kano. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 bai biyo nan ba, ya bi ta Kazaure da Daura. Akwai kuma adadin da ya tsaya a takarda: a Yulin 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 kan tashoshin lantarki na hasken rana, ɗaya mai megawat 75 a Kankiya, sai yarjejeniyoyin suka maƙale a kan farashi da lamuni.

Haihuwa

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya sa Katsina a kan gaba a duk Nijeriya wajen haihuwa, 'ya'ya 7.3 ga kowace mace a tsawon rayuwarta, a lokacin da matsakaicin ƙasa yake 5.3. Binciken ya kuma nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a jihar, 188 ba sa kai shekara biyar, a ƙasa baki ɗaya kuma 132. Adadi biyun 'yan gida ɗaya ne. Uwar da ta binne biyu ba ta jin kiran a tsaya a huɗu.

A gwada su a kan mutum 452,000. In aka ɗauka ana haihuwar 40 cikin kowane 1,000 a shekara, wanda bai yi wa karkarar Katsina yawa ba, jarirai 18,000 ke nan a shekara, kusan 50 kowace rana. In mace-macen yara ya tsaya inda binciken 2018 ya same shi, sama da 3,000 daga cikinsu ba za su ga shekara ta biyar ba. Sauran 14,600 za su isa shiga firamare bayan shekara shida, kuma in za a zuba 40 a aji, 'yan aji ɗaya kaɗai na buƙatar ɗaki 365 da malami 365. Wannan ƙiyasi ne, ba ƙirga ba, amma ko an rage masa kashi ɗaya cikin huɗu, ya isa ya bayyana dalilin da ya sa ake ganin yara a ƙasa, wasu a gindin bishiya. Kankiya na da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya ta jiha mai sunan Kankiya Iro, wadda ke yaye ma'aikatan da ake turawa ƙananan asibitoci. Manufar gwamnatin tarayya ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla cibiyar lafiya ɗaya mai aiki sosai. A Kankiya hakan na nufin cibiya ɗaya ga mutum 27,000, a Kusada ga 18,000.

Mazaɓu goma, goma

Dalilin wannan bambanci shi ne kowacensu mazaɓu goma gare ta, mafi ƙarancin abin da doka ta yarda. Kankiya tana da Galadima A da B, Gachi, Kafin Dangi, Kafin Soli, Rimaye, Sukuntuni, Tafashiya da Nasarawa, Tsa da Magam, sai Kunduru da Gyaza. Kusada tana da Kusada, Kofa, Kaikai, Mawashi, Dudunni, Boko, Bauranya A da B, Yashe A da B. Ashirin ke nan cikin 361 na jihar. Tun a 2006 kansilan Kankiya na wakiltar mutum 15,000, na Kusada ƙasa da 10,000. Kowace kuma tana da kujera ɗaya a majalisar dokokin jiha mai mutum 34.

A majalisar wakilai ta tarayya an haɗa su da Ingawa, mai mutum kimanin dubu 169, suka zama mazaɓa ɗaya ta wajen mutum 420,000, sama kaɗan da matsakaicin 387,000 na kujerun jihar 15. A majalisar dattawa suna cikin Katsina ta Arewa, wadda kowa ke kira shiyyar Daura, duk da cewa cikin ƙananan hukumominta 12, biyar ne kawai na masarautar Daura. Kankiya da Kusada ƙasar Sarkin Katsina ce, hakimin Kankiya shi ne Kankiyan Katsina, na Kusada Bebejin Katsina. A 2018 ne nauyin wannan ɓangare na shiyyar ya fito fili. Bayan rasuwar Sanata Mustapha Bukar, zaɓen cike gurbi na watan Agusta ya zama na 'yan gida ɗaya daga Kankiya, Ahmad Babba Kaita a APC da ɗan'uwansa Kabir a PDP. Ahmad ya ci, kujerar wakilan da ya bari kuma ta koma hannun Abubakar Yahaya Kusada, wanda ya bar shugabancin majalisar jiha ya tafi Abuja.

Wannan zama a shiyyar Daura yana da tasiri a kan alƙaluma ma. Babban binciken talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100, na cikin talauci ta fuskoki da dama, kashi 72 a karkara, ya sauko ne zuwa matakin mazaɓar sanata ya tsaya. Halin Rimaye da na Zangon Daura da na Mashi an dama su a ƙwarya ɗaya. Binciken lafiya kuwa a matakin jiha yake tsayawa.

Me ya sa ake son a raba

Kankiya tsohuwar ƙaramar hukuma ce. Tana cikin bakwai da yankin Katsina ke da su a tsohuwar Jihar Kaduna bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, tare da Katsina, Daura, Mani, Dutsin-Ma, Malumfashi da Funtuwa, kuma da su aka kafa jihar ranar 23 ga Satumba 1987. Ingawa da Kusada duk daga cikinta suka fito. Kusada ta samu tata a 1996, zamanin Janar Sani Abacha, lokacin da adadin jihar ya kai 34, na biyu a ƙasa bayan Kano mai 44. Daga bakwai zuwa 34 cikin shekara tara. Tun daga lokacin ba a ƙara ko ɗaya ba, don tsarin mulkin 1999 ya jera sunayensu, ƙari kuma sai an bi doguwar hanyar gyaransa.

Tsarin rabon kuɗi ya bayyana wannan ɗoki. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Wajen raba na ƙananan hukumomin, kashi 40 daidai ake rabawa ba ruwan kowa da girma, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran 30 kuma a kasa uku tsakanin faɗin ƙasa da yanayinta, da ma'aunan ci gaban jama'a, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. A sauƙaƙe lissafin da naira biliyan ɗaya. Miliyan 400 na rabon daidai, in an kasa 774, kowace za ta samu kimanin 517,000. Miliyan 300 na yawan jama'a zai ba Kankiya wajen 323,000, Kusada 212,000. A waɗannan kaso biyu Kankiya ta tashi da 840,000, Kusada da 729,000. A raba wa mutanen 2006: ɗan Kankiya naira 5.5, ɗan Kusada naira 7.3. Ƙaramar ta fi da kashi ɗaya cikin uku. Da Kusada ba ta samu sakatariyarta ba, wancan 517,000 da babu shi sam, ban da kujerar ciyaman da kansiloli goma da ɗan majalisa da guraben aiki. Duk garin da ke neman a ba shi ƙaramar hukuma ya iya lissafi.

Ko kuɗin na isa inda aka rubuta, wannan wata magana ce. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekaru da dama ta nan kuɗin ke bi a duk faɗin ƙasar. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu kaɗai za a ba. Katsina ta yi nata zaɓen a Fabrairun 2025, APC ta kwashe kujerun ciyaman 34 da na kansila 361, ba ko ɗaya da ya kuɓuce. A ganina wannan ma adadi ne abin dubawa: a jihar da Atiku Abubakar na PDP ya samu ƙuri'a 489,045, Bola Tinubu na APC 482,283 a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, da wuya a ce babu mazaɓa ɗaya cikin 361 da ke da wani ra'ayi. Ba Katsina kaɗai ba ce, kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ke share zaɓen da hukumar jiha ta shirya.

Wata gunduma mai irin wannan faɗi

Don a ga girman abin da ake kira ƙaramar hukuma a nan, yana da amfani a ajiye ta kusa da wata. A tsakiyar Jamhuriyar Cek, a yankin tuddai na Vysočina da ya yi suna wajen noman dankalin Turawa, akwai gundumar Pelhřimov. Faɗinta murabba'in kilomita 1,290 ne, kusan daidai da Kankiya da Kusada a haɗe. Jama'arta dubu 70 da 'yan kai ne, ƙasa da mutum 60 a murabba'in kilomita, a inda namu ƙiyasin ya ba da 372. Babban garinta mutum kimanin 16,000 ne, bai kai mazaɓar kansila ɗaya ta Kusada ba. In kashi 45 cikin 100 na mutanen Kankiya da Kusada yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, su kaɗai sun kusa ninka dukkan mutanen Pelhřimov sau uku.

Ba yawan ne abin lura ba, tsarin ne. Wannan gunduma ta kasu zuwa hukumomin gari da ƙauye 120, kowace da zaɓaɓɓiyar majalisarta da shugabanta da kasafin kuɗinta. Ƙasar baki ɗaya, mai mutum miliyan 10.5 a ƙidayar 2021, tana da irinsu sama da 6,200, fiye da rabinsu ba su kai mutum 500 ba. Ofisoshin gunduma ma an rufe su a ƙarshen 2002, aka miƙa yawancin aikinsu ga manyan garuruwa 205 da ke yi wa ƙauyukan kewaye hidimar da ta fi ƙarfinsu. Suna ƙidaya duk shekara goma, a 2001 da 2011 da 2021, a tsakani kuma hukumar ƙididdigarsu na fitar da yawan mutanen kowane ƙauye duk shekara daga rajistar haihuwa da mutuwa da ƙaura, kuma da wannan sabon adadin ake raba musu kuɗin haraji.

Ba cewa ake a kwafo ba. Su kansu suna kukan cewa ƙauyen mutum 200 ba ya iya ɗaukar akanta ko injiniya, makarantunsu na ƙauye kuma yara suke nema, don haihuwarsu ba ta kai biyu ga mace ba. Matsalarsu kishiyar tamu ce. Abin ɗauka ɗaya ne: a can mafi ƙanƙantar ƙauye yana da adadinsa na bana da asusunsa. A nan, hukuma mafi kusa da talaka mai asusun kanta tana riƙe da mutum dubu 180 zuwa dubu 270, adadin da take aiki da shi kuma ya shekara 20. Kamar a yanka wa saurayi riga ne da awon da aka yi masa ranar suna. Sakamakon 2006 da aka buga a hukumance a matakin ƙaramar hukuma ya tsaya, don haka Kafin Soli ko Mawashi ba su da wani adadin ƙidaya da za su riƙe su je sakatariya da shi.

Littafin dagaci

Abin mamaki, an taɓa yin lokacin da ƙauyukan nan ke da adadinsu na shekara-shekara. Tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, kowace shekara mai unguwa da dagaci da malamin haraji na rubuta magidanta da baligai saboda haraji, da shanu saboda jangali. Ba don ƙaunar talaka aka yi ba, kuma adadin yana da nasa ƙarya, don mutane na ɓoye samari, Fulani na kora shanu su tsallake iyaka. Da Balarabe Musa ya hau mulkin Jihar Kaduna a 1979 ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano, talakawa sun yi murna kuma suna da hujja. Amma littafin ya tafi tare da harajin, ba a kawo wani a madadinsa ba. A da ana rage adadi don gudun biya, yanzu da adadi ya zama hanyar samu, sha'awar ƙarawa ta maye gurbin.

Rajistar haihuwa ce ya kamata ta cike wannan gurbi, amma binciken 2018 ya samu kashi 43 cikin 100 kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya aka yi wa rajista, karkara kuma ta fi birni baya. Gwamnatin jihar ƙarƙashin Dikko Umaru Raɗɗa ta ɓullo da shirin raya al'umma da ya sauko matakin mazaɓu 361, wanda mataki ne zuwa inda ya dace, sai dai muddin ba a san yawan mutanen kowace mazaɓa ba, rabon zai koma na daidai wa daida, mazaɓar mutum 27,000 ta karɓi abin da ta 18,000 ta karɓa.

Aikin bai kai girman da ake zato ba. Haihuwa 18,000 a shekara, in an raba wa mazaɓu 20, biyu ce zuwa uku a rana a kowace mazaɓa. A ƙasar nan kuma ba a haihuwa a ɓoye: rana ta bakwai liman na wurin, wanzami na wurin, mai unguwa ya sani, haka jana'iza. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun shekara da shekaru suna bin gida-gida suna rubutu da alli a jikin bango, makarantu na da rajistar ɗalibai, hukumar zaɓe na da tata rumfa-rumfa. Littafi ɗaya a hannun kowane dagaci, jami'i ɗaya a sakatariyar Kankiya da ɗaya a ta Kusada da zai tattara duk wata, ya isa ya ba kowace mazaɓa adadinta cikin shekara biyu. Haɗarin sananne ne: ranar da aka ɗaura kuɗi a kan littafin, za a fara haifar yaran takarda. Maganinsa shi ne a riƙa gwada shi da na masu rigakafi da na makarantu, a kuma manna na kowace mazaɓa a ƙofar fadar hakimi, inda mutanen Yashe za su iya karanta abin da aka rubuta wa Bauranya.